SAURA NAWA? HANYAR KOYA WA ƘANANAN YARA LISSAFIN ƊEBEWA

An shirya wannan 'yar takarda domin malaman da ke riƙe da aji ɗaya da aji biyu a makarantun firamare, da kuma iyaye maza da mata waɗanda ke so su taimaki 'ya'yansu a gida. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, gama yawancin abin da ke ciki ba ya bukatar alƙalami ko takarda.

A wani rangadi da na yi kwanan baya na shiga wata makarantar ƙauye, na tarar malamin aji biyu ya cika allo da lissafi, yana nunawa da sanda, yara kuwa suna amsawa da murya ɗaya: "Tara a ɗebe huɗu, saura biyar! Tara a ɗebe biyar, saura huɗu!" Wanda ya ji su daga waje sai ya ce an gama da ɗebewa a wannan aji. Na nemi izinin malam, na kira wata yarinya ita kaɗai, na rubuta 8 − 3 a gefen allo, na ce ta faɗi amsa. Ta dubi allo, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Da yamma ina zaune a bakin kasuwa sai ga yarinyar nan da farantin gyaɗa a ka. Na sayi ta naira 150, na miƙa mata naira 500, ta lissafa a ka, ta ƙirgo mini 350 ba ko gardama.

Ashe yarinyar ta iya ɗebewa, har ta fi abin da ake nema gare ta a aji. Abin da ba ta sani ba shi ne, 'yar sandar nan da ake shatawa tsakanin 8 da 3 tana nufin aikin da take yi kullum a bakin kasuwa. Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba. A shekarar 1985 waɗansu masu bincike suka buga labarin yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. Sa'ad da aka yi ciniki da su a bakin titi, kusan duk lissafin da suka yi ya fita daidai. Da aka rubuta musu lissafin nan da kansa a takarda, lambobi zalla, abin da suka ci bai kai rabi ba.

To, aikin malami ke nan: ya haɗa abin da hannun yaro ya riga ya sani da abin da ake rubutawa a allo. In aka yi sakaci da wannan a aji ɗaya, yaro ya kan tafi da haddar baki kurum, ta kai shi aji uku ko huɗu, sa'an nan ta yashe shi a wurin rabawa, domin rabawa ɗebewa ce da ake maimaitawa. Daga nan sai a ce yaron nan ba shi da kan lissafi, shi ma ya yarda, alhali kuwa tun farko ba a ba shi tsakuwa ya riƙe ba.

YARO BA BAƘON ƊEBEWA BA NE

Kada malami ya zaci zai kawo wa yara wani sabon abu daga waje. Harshenmu cike yake da ɗebewa. Bahaushe ya kan ce "ashirin ba ɗaya" yana nufin 19, "talatin ba biyu" yana nufin 28, "ɗari ba ɗaya" yana nufin 99. Mukan ce ƙarfe biyar saura kwata, mukan ce saura kwana uku Salla. Mai wasan dara ya fara da 'ya'ya 12, duk sa'ad da abokin wasansa ya jera uku sai ya ci masa ɗaya, kowa kuwa idonsa na kan abin da ya rage masa. Yaro yana jin waɗannan tun bai san hanyar makaranta ba.

Har ma akwai alamar cewa abin ya riga magana. A 1992 wata masaniya a Amurka, Karen Wynn, ta gwada jarirai 'yan wata biyar. Ta ajiye 'yar tsana biyu a gabansu, ta sa shamaki, ta sa hannu ta ɗauke ɗaya suna gani, sa'an nan ta kawar da shamakin. In suka ga ɗaya ta rage, sai su duba kaɗan su kau da kai. In kuwa aka yi dabara suka tarar da biyu har yanzu, sai su daɗe suna kallo, kamar masu cewa ba haka ya kamata ba.

Amma kafin a soma, lalle ne malami ya tabbata yaro ya iya ƙirga, kuma rera ɗaya, biyu, uku har ɗari ba shi ne iya ƙirga ba. A zuba masa tsakuwa 7, a ce ya ƙirga. A duba ko yana taɓa kowace sau ɗaya, ba ya tsallake wata, ba ya maimaita wata. In ya gama a tambaye shi, "To, nawa ke nan?" Wanda ya ce "bakwai" ya fahimta. Wanda ya koma ya sake farawa daga ɗaya, bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce jimla. Sa'an nan a baza tsakuwan nan su yi nisa da juna, yana kallo, a sake tambayarsa. Yara da yawa 'yan shekara biyar za su ce sun ƙaru. Irin wannan yaro a bar shi ya ƙara mako biyu ko uku yana ƙirga, ba a yi hasarar kome ba.

DARASIN FARKO

Kayan aiki ba na saye ba ne: tsakuwa, ko ƙwallon dabino, ko 'ya'yan tsamiya, ko marafan kwalba, da ɗan ƙoƙo ko gwangwani. Ni dai na fi son marafan kwalba da ƙwallon dabino, domin gyaɗa ba ta kai ƙarshen darasi, wake kuwa ƙananan yara su kan cusa shi a hanci ko a kunne. Kowane yaro ya sami nasa guda 10. Kada malami ya tsaya a gaba shi kaɗai yana ɗagawa yara suna kallo daga nesa. Hannun da ya ɗebe shi ne ke tunawa.

A fara da biyar, kada a wuce. Malam ya ce, "Kowa ya jera biyar a gabansa." Su jera, su ƙirga. Ya ce, "Kowa ya ɗebe biyu, ya sa a ƙoƙo." Su ɗebe. Sa'an nan ya tambaya, "Saura nawa?" Su ƙirga abin da ya rage a ƙasa. Bayan haka yaro ɗaya ya tashi ya faɗi labarin duka da bakinsa: "Dā ina da biyar, na ɗebe biyu, saura uku." Wannan faɗin yana da muhimmanci ƙwarai, kada a raina shi. A cikinsa akwai abu uku, watau abin da ake da shi, da abin da ya tafi, da abin da ya rage, kuma su ne lambobi ukun da yaro zai rubuta nan gaba.

A kwanakin farko abin da aka ɗebe ya shiga ƙoƙo ya ɓace wa ido. In aka ture shi gefe kawai, yara da yawa za su haɗa shi cikin ƙirga, su ce saura biyar. Waɗansu kuma in aka ce "saura nawa?" sai su ce biyu, domin biyun nan ne hannunsu ya taɓa. Ba taurin kai ba ne. A mayar da tsakuwan wurinsu a sake, a hankali.

Kada kuma malami ya tsaya kan kalmar "ɗebe" ita kaɗai, gama a duniya abu ya kan ragu ta hanyoyi da yawa. Kaza tana da 'yan tsaki biyar, shirwa ta ɗauke ɗaya. Inna ta soya ƙosai huɗu, Yaya ya ci biyu. Tsuntsaye biyar suna kan reshe, uku suka tashi. Ƙwai uku a kwando, ɗaya ya fashe. Kowane labari yara su yi shi da tsakuwa. In sun saba, a bar su su ƙirƙiro nasu labarin, su tambayi juna. A nan ne malami zai san wanda ya gane, domin yaron da bai gane ba zai ce kaza tana da 'yan tsaki uku shirwa ta ɗauke biyar, 'yan uwansa kuwa za su yi dariya su gyara masa ba sai malam ya sa baki ba.

Akwai tambaya biyu da malamai kan manta. Ta farko, a ɗebe duka: biyar a ɗebe biyar. Yaro zai ce, "Malam, babu kome." A gaya masa babu ɗin nan ma tana da suna da lamba, ita ce sifiri. Ta biyu, a ɗebe babu: shirwa ta kawo sura, kaza ta kore ta, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Wanda ya yi waɗannan da hannunsa a aji ɗaya, sifiri ba zai firgita shi a aji uku ba.

Sa'ad da biyar ta zauna sai a hau zuwa goma. A nan ga wani wasa mai amfani. A ƙirga takwas tare da yaro, a kife ƙoƙo a kansu, a sa hannu a zaro uku yana gani, a ce, "Nawa suka rage a ciki?" Yanzu ba ya ganin abin da zai ƙirga, tilas ya riƙe shi a zuciya, ko ya nemi taimakon yatsunsa. In ya faɗa, shi da kansa zai ɗaga ƙoƙon ya duba. Na ga malaman da ke bugun hannun yaro don ya ƙirga da yatsu. Wannan kuskure ne babba. Yatsu su ne tsakuwan da ba a mantawa a gida, kuma yaro zai bar su da kansa ran da ya daina bukatarsu.

DAGA TSAKUWA ZUWA ALLO

Bayan hannu sai zane. Yaro ya zana 'yan da'irori bakwai a ƙasa ko a allonsa, ya soke uku da layi, ya ƙirga waɗanda ba a soke ba. Sai bayan wannan ne za a kawo alamu. Malam ya rubuta 7 − 3 = 4 a ƙarƙashin zanen, ya nuna 7 ya ce, "Ga abin da muke da shi." Ya nuna 'yar sandar ya ce, "Wannan tana cewa a ɗebe." Haka har ƙarshe.

Ba abin mamaki ba ne in alamun nan sun ba yaro wuya. Mutane sun yi dubban shekaru suna ɗebewa ba su da su. Alamar ɗebewa da ta tarawa sun fara fitowa a littafin ɗab'i ne a 1489, cikin wani littafin lissafin fatake na Johannes Widmann da aka buga a Leipzig ta ƙasar Jamus. Layi biyun nan da ke nufin "daidai da" kuwa, Robert Recorde na ƙasar Birtaniya ya fito da su a 1557. Abin da manya suka daɗe ba su ƙago ba, kada a sa rai yaro ɗan shekara shida ya haɗiye shi ran Litinin ɗaya.

A lura da abu guda. A tarawa, 3 + 7 da 7 + 3 duk ɗaya ne, yara kuwa su kan ɗauka ɗebewa ma haka take. A ba yaro tsakuwa uku a ce ya ɗebe bakwai, zai ce ba su isa ba. Kalmar ke nan da ya kamata malam ya riƙe: ba su isa ba. Kada ya ce ba ya yiwuwa har abada, domin nan gaba a manyan azuzuwa za a koya wa yaron lambobin da ke ƙasa da sifiri, irin na mai bashi, sai ya ga malaminsa na farko ya faɗa masa abin da ba haka ba.

Sa'an nan akwai ƙirga da baya, wadda yara kan kama da kansu in sun gaji da jera tsakuwa. Hanya ce mai kyau, amma tana da rami. A 8 − 3 yaro zai ce, "takwas, bakwai, shida," ya tsaya, ya ce shida. Ya ƙirga wurin da yake tsaye cikin takun da ya yi. Maganinsa a fita waje, a shata layi a ƙasa, a rubuta 0 zuwa 10 a jere, yaro ya tsaya kan 8, ya yi tsalle uku da baya, 'yan aji suna ƙirga tsallen. Zai sami kansa kan 5. Bayan ya yi haka sau da yawa ƙafarsa za ta gane cewa tsayawa ba tsalle ba ce.

DAMI DA KWANCE DAMI

Wurin da yara suka fi faɗuwa shi ne inda lamba ta wuce goma, kuma nan ne nake so malamai su fi daɗewa. A ba yaro 42 − 17 a rubuce, ɗaya bisa ɗaya. Sau da yawa zai kawo 35. In ka ga 35 kada ka ce sakarci ne, akwai tunani a ciki. Ya duba gidan ɗai-ɗai ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa, ya tuna an ce ƙarami ake ɗebewa daga babba, sai ya ɗebe 2 daga 7 ya sami 5. Ya ɗebe 1 daga 4 ya sami 3. Zai yi ta yin haka a kowane lissafi, da natsuwa, yana mamakin abin da ya sa malam ke sa masa jan alƙalami.

Yadda aka koya mana muna yara shi ne, "biyu ba ta ɗebe bakwai, sai a yi aro." Na yi shekara biyu ina aron nan ban san wurin wa nake ara ba, ban kuma ga ranar da aka mayar ba. Kalmar ba ta dace ba, gama ba a ari kome ba. Abin da aka yi shi ne an kwance dami.

A samo tsinken tsintsiya ko siraran karare, a yanka su tsawon yatsa biyu. Yara su ƙirga goma-goma su ɗaure da zare ko kaba. Kowane ɗauri dami ne. A bar su kwana da kwanaki suna gina lambobi da su: 23 dami biyu ne da tsinke uku, 40 dami huɗu ne ba tsinke ko ɗaya. Sa'an nan a ce su ajiye 42, watau dami huɗu da tsinke biyu, a ce, "Ku ba ni 17." Za su miƙo dami ɗaya ba wuya. Wajen tsinke bakwai sai su tsaya, gama biyu kaɗai ke warwatse. Malam ya yi shiru, kada ya yi gaggawar faɗa. Ba a daɗewa wani yaro zai ce, "Malam, in kwance ɗaya?" Ya kwance, tsinke suka zama 12, dami suka koma uku. Ya ba da dami ɗaya da tsinke bakwai, saura dami biyu da tsinke biyar, watau 25.

Yanzu a koma allo a rubuta abin da aka yi, taki bayan taki. Soke 4 a rubuta 3, domin an kwance dami ɗaya. Sa ɗan 1 a gaban 2, domin tsinke sun zama 12. A tambayi yara, "Da muka kwance damin nan, tsinkenmu sun ƙaru ko sun ragu?" Su ƙirga su gani 42 ɗin nan tana nan, kamanninta kawai suka sake. Yaran da ke zuwa aike sun san wannan sarai, shi ne yin canji: naira 100 guda da naira 50 biyu kuɗi ɗaya ne. Bayan 42 − 17 a ba su 40 − 13, inda babu tsinke ko ɗaya a warwatse. Mai kawo 33 ko 30 a mayar da shi ga dami, har ya sami 27 da hannunsa.

A koya musu kuma su riƙa duba aikinsu ba sai sun jira malam ba. Abin da ke cikin ƙoƙo in aka mayar da shi kan abin da ya rage, tilas a sami abin da aka fara da shi. 25 da 17 sun ba da 42, lissafi ya yi. 35 da 17 sun ba da 52, akwai gyara.

Wata irin tambaya kuma a dakata da ita tukuna: "Yaya yana da goro bakwai, ƙanensa yana da huɗu, da nawa ya fi shi?" Amsarta 7 − 4 ce, amma a cikin labarin ba a ɗebe kome ba, ba wanda ya ci, ba abin da ya ɓace. Yaron da ya san ɗebewa da ma'anar kwashewa zai rikice, ya ce bakwai. Sai kwashewa ta zauna sosai, sa'an nan a jera bakwai a sama, huɗu a ƙasa, kowane da abokinsa, a ƙirga waɗanda ba su sami aboki ba.

GA IYAYE, DA MAI BABBAN AJI

Malami zai ce, "Yarana sun fi tamanin, yaya zan yi da tsakuwa?" Gaskiya ne da wuya. A raba su biyar-biyar ko shida-shida a ƙarƙashin inuwa, kowace ƙungiya da ƙoƙonta da wanda ya ɗan fi ganewa a cikinta, malam yana zagayawa. Za a yi surutu, a haƙura da shi. Minti 20 na irin wannan ya fi sa'a guda ta amshi.

Iyaye kuwa, ba sai kun yi boko ba. Uwa tana tuya ta ce, "Waina goma ce a faranti, kai wa Baba uku, ka zo ka gaya mini saura nawa." Uba yana shigar da awaki da magariba ya ce, "Tara muka kora da safe, ga shida sun shigo, nawa ke waje?" In yaro ya yi kuskure kada a yi masa tsawa, kada kuma a faɗa masa amsa. A ce, "Je ka ƙirga ka gani."

Kafin hutun ƙarshen zango malam ya kira yara ɗaya-ɗaya, ko da biyar ne a rana, ya yi wa kowane tambaya uku: ɗaya da ƙoƙo a kife, ɗaya ta labari da baki, ɗaya a rubuce. Ya rubuta sunan wanda ya ci ta ƙoƙo da ta labari amma ya faɗi a ta rubutu, domin wannan alamu ne ba su zauna masa ba, zane zai koma. Wanda ya faɗi a ta ƙoƙo kuwa ya koma biyar, da tsakuwa a fili. Takardar sunayen nan a miƙa ta ga malamin da zai karɓi ajin, tare da gwangwanayen marafai. Damman tsinke kuma a rataye su a sama, kada gara ta cinye su kafin a dawo.